Daga Rinin Munik zuwa Garkuwar Jiki

A shekarar 1900, wani ɗalibin likitanci a birnin Munik na Jamus, Oscar Raab, ya zuba rini a ruwan da ke ɗauke da ƙananan halittu. In akwai haske sai su mutu, in da duhu sai su ci gaba da iyonsu. Malaminsa Hermann von Tappeiner bai yi sanya ba: a 1903 shi da likitan fata Albert Jesionek suka shafa jan rini a kan dajin fata, suka haska shi. Nan aka gane sai abu uku sun haɗu: rini, haske da iskar oksijin. Haske ya zaburar da rinin, rinin ya mayar da oksijin guba a daidai wurin.

A 1912 Friedrich Meyer-Betz ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na irin wannan sinadari, ya fita rana. Fuska da hannuwa suka kumbura, ya yi makonni yana ɓuyar rana. Ganganci ne, amma ya nuna abin yana aiki a jikin mutum. Daga nan maganar ta yi sanyi har Thomas Dougherty na cibiyar Roswell Park a Amurka ya farfaɗo da ita, ya gwada a kan majinyata a 1978. A 1993 Kanada ta amince da maganin Photofrin don dajin mafitsara.

Duk tsawon wannan lokaci, ɗauka ake yi hasken kashe ƙari kawai yake yi, ya toshe jijiyoyin da ke shayar da shi. A 1996 Mladen Korbelik da abokan aikinsa a Bankuba ta Kanada suka nuna da sauran magana. Sun haska ƙari iri ɗaya a ɓeraye masu lafiya da marasa garkuwar jiki. Duka ƙarin ya motse da farko, amma a marasa garkuwar ya dawo. Ashe hasken fara aikin yake yi, jiki ne ke ƙarasawa.

Sirrin yana cikin irin mutuwar. Kullum ƙwayoyin jiki na mutuwa shiru, a share su ba wanda ya sani. Wadda haske ya kashe kuwa da kururuwa take mutuwa, kamar ihun ɓarawo a tsakar dare da ke fito da gari duka. Tana fitar da wasu sunadarai a bayanta, wasu ta zubar waje. Masu sintirin garkuwa su zo su kwashi gutsattsarinta, su kai kaluluwa, su nuna wa ƙwayoyin yaƙi da ake kira T kamannin abokin gaba. Waɗannan kuma suna iya bin sawun dajin har inda haske bai kai ba. A ɓeraye an ga haka sau da yawa; a mutane shaidar ba ta yi ƙarfi haka ba tukuna, kuma wanda ya ce maka fitila na warkar da dajin da ya bazu, kuɗinka yake so.

Wani ci gaban kuma, a 2011 mai bincike Hisataka Kobayashi ya ɗaura wani rini a jikin sinadarin da ke manne wa ƙwayar daji, kuma a 2020 Japan ta amince da wannan magani don dajin kai da wuya.

Ina ruwan mutumin Zagga ta jihar Kebbi? Jan haske ba ya ratsa nama fiye da kimanin santimita ɗaya, don haka ya fi dacewa da ciwon fata da na baki da aka kama da wuri. Zabiya da ke noman shinkafa a fadamun kogin Neja, daga Illo zuwa Lolo, shi rana ta fi yi wa illa: fata ta yi kaushi, ta zama gyambo, ta rikiɗe daji. Yau sai ya je Birnin Kebbi, galibi a tura shi asibitin koyarwa na Sakkwato don gashi, bayan ciwon ya ci ƙarfinsa. A Aligarh ta Indiya an gwada ƙaramar fitila mai batir a kan dajin baki na farko-farko, ba tare da babban inji ba. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda aka zaɓa a 2024 don shugabantar ƙungiyar yaƙi da daji ta duniya, ta daɗe tana jaddada gwaji da wuri a Kebbi, kuma irin wannan fitila sai da gwajin take da amfani.