Lufus da Ƙwaƙwalwa: Tarihin Gano Alamomin Jijiya da Ciwon Kai

Lufus cuta ce ta garkuwar jiki, wadda a cikinta sinadaran da jini ke ƙerawa domin yaƙar ƙwayoyin cuta suke juyawa su afka wa jikin mai su, su taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda da jini, wani lokaci kuma har da ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi. Kusan tara cikin goma na masu ɗauke da ita mata ne, galibi a shekarun haihuwa, kuma takan fi tsanani ga mutanen da asalinsu Afirka ne. Ɓangaren da ya shafi ƙwaƙwalwa shi ne ya fi wahalar da likitoci, domin farfaɗiya da ruɗewa da shanyewar ɓarin jiki da ciwon kai duk alamomi ne da wasu cututtuka masu yawa ke haifarwa.

Da fari an ɗauki lufus a matsayin ciwon fata kawai, kuma da wannan fahimta ce likitan Faransa Pierre Cazenave ya raɗa mata sunan lupus érythémateux a 1851. Moritz Kaposi, ɗan Hungary da ke aiki a ƙasar Ostiriya, shi ne ya nuna a 1872 cewa akwai nau'inta da ke shiga cikin jiki, yana zuwa da zazzaɓi da rama da ciwon gaɓoɓi da gushewar hankali, har ya kai ga kisa, sannan William Osler ya faɗaɗa bayanin tsakanin 1895 da 1904. Hanyar tabbatar da cutar a jini ba ta samu ba sai 1948, lokacin da Malcolm Hargraves na asibitin Mayo a Amurka ya gano wata ƙwayar jini ta musamman a ɓargon masu ita, daga baya kuma gwajin ANA, wanda ke neman sinadaran garkuwa masu yaƙar cibiyar ƙwayoyin halittar jiki, ya maye gurbinta. Maganin kotizon, mai danne kumburi, ya shigo a daidai wannan lokaci, ya ceci rayuka, amma ya zo da tasa matsalar, domin shi kansa idan an yawaita shi yana iya jawo rashin barci da taɓin hankali, sai likita ya rasa ko cutar ce ta hau kai ko kuwa maganin ne.

Shekaru da dama ana zaton kumburin jijiyoyin jini ne ke lalata ƙwaƙwalwar masu lufus. Binciken da Johnson da Richardson suka wallafa a 1968, bayan sun duba ƙwaƙwalen waɗanda cutar ta kashe, ya nuna cewa irin wannan kumburi ba kasafai ake samunsa ba, abin da ya fi yawa shi ne toshewar ƙananan hanyoyin jini da mutuwar ƴan gurabe a ƙwaƙwalwa. A 1983 Graham Hughes na Landan ya bayyana wani rukuni na sinadaran garkuwa da ke sa jini ya riƙa daskarewa, wanda ke haddasa shanyewar ɓarin jiki ga matasa da yawan ɓari ga mata. Wannan ya raba magani gida biyu, kuma a kan rabon nan ake aiki har yau: inda kumburi ne musabbabi ana ba da kotizon mai ƙarfi da magungunan danne garkuwa, inda kuma daskarewar jini ce ana ba da asfirin ko wafarin. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Mekziko, aka wallafa a 2005, ya nuna cewa saikulofosfamaid, ɗaya daga cikin magungunan danne garkuwa, ya fi kotizon zalla amfani ga masu larura mai tsanani.

Ciwon kai yana da nasa tarihin, kuma tarihi ne na ja da baya. Ma'aunin tsananin lufus da aka fitar a 1992, wanda ake kira SLEDAI, ya ware wani abu da ya kira ciwon kan lufus, wato ciwo mai tsanani mai naci wanda ko magungunan kashe zafi masu ƙarfi ba sa kwantar da shi, ya kuma ba shi maki 8, daidai da farfaɗiya da taɓin hankali. A 1999 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta jera larurori 19 na ƙwaƙwalwa da jijiya da ake gani a lufus, ta saka ciwon kai a ciki. Sai dai bincike daga Finlan a 2001 ya nuna cewa ƙananan alamomi irin su ciwon kai da damuwa suna da yawa ko a tsakanin lafiyayyu, kuma a 2004 Mitsikostas da abokan aikinsa na Girka suka tattara binciken da aka yi a baya, suka tarar ciwon kai bai fi yawa ga masu lufus ba a kan sauran jama'a. Wani babban nazari na ƙasashe da dama da John Hanly ya jagoranta, aka wallafa a 2013, ya sami ainihin ciwon kan lufus ga ƙasa da kashi 2 cikin 100 na marasa lafiya fiye da 1,700. Shawarar da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta bayar tun 2010 ita ce a binciki mai lufus da ya zo da ciwon kai kamar yadda za a binciki kowa, a kula da alamomin haɗari, wato zazzaɓi, sandarewar wuya, ruɗewa, raunin hannu ko ƙafa, ko ciwon da ya faɗo farat ɗaya. Ƙa'idojin tantance cutar na 2019 sun ƙirga ruɗewa da taɓin hankali da farfaɗiya, ba su ƙirga ciwon kai ba.

A Afirka ta Yamma an daɗe ana cewa lufus ba ta da yawa. Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Ibadan kafin ya koma Zariya, ya kawo hasashe a 1968 cewa zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da suka zama ruwan dare suna iya rage cututtukan garkuwar jiki. Rahotannin Femi Adelowo da abokan aikinsa daga Legas a 2009 sun raunana wannan ra'ayi, domin sun nuna cewa da zarar an sami ƙwararren likita da ɗakin gwaji sai masu cutar su bayyana, da yawansu kuma da alamomin ƙwaƙwalwa. Abin da aka ɗauka ƙarancin cuta, a gaskiya wani kaso nasa ƙarancin masu gano ta ne.

Wannan darasi ya fi nauyi a wuri irin Dakwaro, da ke arewacin jihar Maraɗi a Nijar, a cikin yankin da Léon Lapeyssonnie ya zana a 1963 a matsayin zirin sanƙarau. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010 ya karya lagon nau'in A na ƙwayar sanƙarau, amma annobar 2015 ta zo da nau'in C. Saboda haka budurwar da aka kawo asibitin gunduma da ciwon kai da zazzaɓi a watannin rani, ko da an san tana da lufus, sanƙarau ake fara nema ta hanyar ɗibar ruwan laka, da damina kuma zazzaɓin cizon sauro, ga mai ciki kuwa hawan jini da jijjiga, sannan a tuna da amosanin jini da tarin fuka. Wannan tsari wajibi ne, domin kotizon da aka ɗura wa mai ƙwayar cuta a ƙwaƙwalwa ba tare da maganin ƙwayar ba yana iya ƙarasa shi, mai lufus da ke shan magungunan danne garkuwa kuma ya fi sauran jama'a saurin kamuwa. Haɗarin ɗaya gefen shi ne a manta da lufus gaba ɗaya, musamman da yake jan kurjin fuska da littattafan Turai ke dogaro da shi ba ya fitowa sosai a baƙar fata, kuma macen da ta fara sambatu ko faɗuwa sau da yawa wurin mai ruƙiya ko ƴan bori ake fara kai ta, a ce iska ce. Zubewar gashi, gyambon baki, kumburin gaɓoɓi, ɓari a jere da furotin a fitsari, idan suka haɗu da irin wannan larura, dalili ne na tura mara lafiya Maraɗi ko Yamai, inda ake samun likitocin da suka ƙware da hoton ƙwaƙwalwa.

Maganin da ya zama ginshiƙin kula da lufus a duniya, haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ne da mutanen yankin suka sha shekaru da dama kafin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin sa. Yana rage tashin cutar da daskarewar jini, ana ci gaba da shan sa har lokacin goyon ciki, amma mai shan sa na tsawon shekaru yana bukatar gwajin ido lokaci-lokaci.