Kallo a Sabon Ibadan da Batun Kuɗin Wata

Ibadan ce garin da talabijin ta fara aiki a Najeriya. Ranar 31 ga Oktoba 1959 gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe tashar WNTV, alhali Kaduna ba ta samu tata ba sai 1962. Ke nan Hausawan Sabo, waɗanda aka yanka wa unguwarsu a gefen Mokola tun 1916, sun riga 'yan'uwansu na Kano da Sakkwato zama kusa da akwatin hoto. Sai dai akwatin da Yarabanci da Turanci yake magana, ba da harshensu ba. Wannan giɓi shi ya tsara yadda Sabo ke kallo har yau, kuma da shi ya kamata a auna tambayar da matasa ke yi yanzu: shin biyan kuɗin wata ga manhajojin kallo riba ce ko asara?

Sabo unguwar fatauci ce. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano bayan shekara goma, shanu suna gangarowa kudu, goro yana hawa arewa. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar ya kuma wallafa littafinsa a kanta a 1969, ya nuna cewa cinikin nan a kan amana ya tsaya: maigida yana saukar da baƙo, dillali yana haɗa shi da mahauci, a ba da shanu bashi ba tare da takarda ba. Ta wannan hanya nishaɗi ma ya riƙa zuwa. Da farko Rediyon Kaduna ne da Sashen Hausa na BBC, wanda ya soma a 1957. Sannan kaset ɗin Shata da Ɗan Maraya. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kaset ɗin bidiyo ya shiga cikin kayan da motocin Arewa ke saukewa a kurmi, daga baya faifan CD ya gaje shi. A zamanin kaset da faifai mai kallo yana biya, amma ɗai-ɗai yake biya, ya ga abin da ya saya a hannunsa, kuma kaset guda sai ya zaga gida goma.

Shirin cakwakiya mai dogon zango, irin wanda ake ɓoye mai laifi har ƙarshe, ya samu gindin zama ne bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014. Daɗin Kowa ya share fage, Kwana Casa'in ya zo a 2019 da makircin 'yan siyasar Alfawa, inda labarin ke gudana, da 'yan jaridar da ke bin diddiginsu, Labarina na Aminu Saira ya biyo baya a 2020, shekarar da Izzar So ya mamaye YouTube. Abin lura shi ne yadda ake cin moriyar irin wannan shiri. Ana sakin kashi ɗaya a mako, sauran kwana shidan kuwa na muhawara ne. A teburin mai shayi bayan Isha'i, waya guda jingine da gwangwanin madara, mutum biyar sun sunkuya a kanta, wannan ya rantse wane ne ya kitsa sharrin, wancan ya ce a jira a gani. Ga ɗan Sabo da aka haifa a ƙasar Yarabawa, wanda wataƙila Yarabancinsa ya fi Hausarsa kaifi, wannan zama makaranta ce ta harshe.

Saboda haka nake ganin kuɗin wata na manyan kamfanonin waje bai dace da yawancin gidajen Sabo ba. Suna zuba shiri gaba ɗaya a dare guda, kowa ya kalla shi kaɗai a ɗakinsa, Hausa kuwa ƙalilan ce a rumbunsu. Ga shi kuɗin biyu ne, na manhaja da na data, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data. Za a ce shirye-shiryen binciken laifi na Amurka da Ingila sun fi namu tsari da kayan aiki. Gaskiya ne, kuma wanda ke jin Turanci yana da wuta da intanet mai ƙarfi ba zai yi nadamar biya ba. Amma wannan inganci kuɗin masu kallonsu ne ya gina shi, kuma kamfanin waje ba ya da alƙawari da mu. A farkon 2024 Amazon ya janye daga ɗaukar nauyin sababbin shirye-shirye a Afirka.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa ai ga YouTube kyauta, ga masu tura fim a waya da ɗan canji kaɗan, me zai sa a biya kowa? YouTube aƙalla yana ba mai shiri wani abu daga talla, ko da bai taka kara ya karya ba. Turin fim ba tare da izini ba kuwa ko sisi ba ya kaiwa ga marubuci da darakta, kuma irin wannan satar fasaha na cikin abin da ya durƙusar da kasuwar faifai a Kano. Unguwar da kakanninta suka gudanar da cinikin shanu bashi a kan amana bai kamata ta saba da cin gumin wasu ba. Manhajojin Hausa irin su Northflix da ta Arewa24 suna da rauninsu, amma abin da aka biya su yana da hanyar komawa ga masu aikin. Maigidan da ke da halin biyan kuɗin wata na manhaja guda ɗaya tak, ya fara duba inda ake Hausa, ya kuma kunna shirin a inda yaran gida za su zauna su ji.