Me Ya Sa Famfo Ya Tsaya a Tsakar Gida?

In ka shiga tsohon gida a Funtuwa ko Malumfashi, duba inda famfo yake. Galibi guda ɗaya ne tal, a tsakar gida kusa da rariya. Bai shiga ɗaki ba, bai kai makewayi ba. Za ka ce rashin kuɗi ne, amma ginin kansa ma yana da hannu a ciki.

Gidan ai ya girmi bututun. Da aka gina shi, tsarin ruwansa a kammale yake: rijiya ko ɗan garuwa, randa a inuwa, salga can ƙuryar gida, indararo na watsa ruwan sama nesa da bango. Shi kansa ɗan garuwa da garwar kananzir yake ɗauko ruwan a lokacin, wadda ke cin lita 18 ko kusa da haka.

Kano ta sami ruwan famfo daga Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Funtuwa kuwa jirgin ƙasa ne ya riga isa gare ta, yana kwasar auduga da gyaɗa. Ruwan gari sai da aka yi madatsu irin ta Mairuwa.

To, da ruwan ya iso, sai ya tarar da katangar ƙasa. Bututun lokacin na ƙarfe ne, yana tsatsa, yana yoyo ta mahaɗa. A bangon siminti yoyo tabo kawai zai bari. A ginin tubali kuwa laka ce ke shan ruwan a hankali, gindin bango ya jiƙe, damina ɗaya ta ƙarasa aikin. Saboda haka magina suka bar bututu a fili inda ido ke ganinsa, kuma a ganina sun yi daidai.

Masai na zamani ya fi wuyar sha'ani. Sirrinsa ɗan lanƙwasan nan ne da Alexander Cumming ya yi wa rajista a Ingila a 1775: ruwa na kwanciya a ciki ya toshe wari. Famfo ya kwana uku bai kawo ba, babu abin kora, ɗaki ya gagari zama. Salga ba ta neman ko kofi ɗaya.

Sai dai ita ma da nata haɗarin. Masana lafiya na son tazarar kamar mita 30 tsakaninta da rijiya, don ƙwayoyin kwalara da taifot na iya bin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Gidan gado da aka yi ta yankawa tsakanin magada da wuya ya sami wannan filin.