Littafin Addu'a Da Duwatsun Tunawa

A gidajenmu da yawa addu'ar yaro ba ta wuce "Amin". Uba ya yi addu'a, yara su amsa, kowa ya kwanta. Ranar da yaron ya tafi makarantar kwana ko ya shiga birni neman aiki, babu mai yi masa addu'a ya amsa, sai bakinsa ya mutu. Wannan damuwa ba yau ta fara ba. Bari mu duba yadda waɗansu bayin Allah a Birtaniya suka yi da ita a ƙarni na 19.

Na fari shi ne George Muller, wanda aka haifa a ƙasar Jamus a 1805. A 1836 ya buɗe gidan marayu a birnin Bristol na Ingila. Kafin ya rasu a 1898, marayu fiye da 10,000 sun ci sun yi karatu a hannunsa, ba tare da ya roƙi wani mutum kuɗi ba. Allah kaɗai yake roƙo. Yakan kuma rubuta abin da ya roƙa da yadda amsa ta zo. Shawararsa ga masu bi ita ce su nemi ƙaramin littafi: a shafi ɗaya roƙo da ranar da aka fara shi, shafin da ke kallonsa kuwa a bar shi fari sai amsa ta zo. Dalili a fili yake. Mutum mai mantuwa ne, wanda ya manta abin da ya roƙa kuwa ba zai gane amsar ba ko ta iso ƙofarsa.

Na biyu Josiah Spiers ne, ma'aikacin ofis a Landan. A 1867 ya fara taron sujada domin yara kaɗai, da yara 15. A 1868 ya je hutu bakin teku a garin Llandudno na ƙasar Wales, ya tarar da yara suna wasa da yashi. Bai ce su bar wasa su zauna shiru ba. Sai ya zana kalmomi daga 1 Yohanna 4:8 a kan yashin, yaran suka bazu suna kawo duwatsu da ciyawar teku suna ƙawata haruffan. Da suka gama, ya ba su labarin Yesu. Ayar da hannunsu ya gina ta zauna a zuciyarsu.

Ta uku Annie Marston ce, malamar Makarantar Lahadi a garin Keswick. Kowane mako takan rubuta wa 'yan matan ajinta wuraren da za su karanta a gida, ran Lahadi su tattauna. Ta dinga rubuta wa ƙungiyar su Spiers wasiƙa cewa a buga irin wannan domin dukan yara, har aka yarda. Ranar 1 ga Afrilu, 1879 aka fara da katin karatu ga yara wajen 6,000. Daga nan sunan Scripture Union ya fito, ƙungiyar da yau take aiki a ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya.

Mutanen nan uku ba sabon abu suka ƙago ba. A Joshuwa sura 4, Ubangiji ya sa aka ɗebo duwatsu 12 daga tsakiyar Urdun aka kafa a Gilgal, domin 'ya'ya su gani su yi tambaya, iyaye su ba da shaida. Haka Sama'ila ya kafa dutsen da ya kira Ebenezar, a 1 Sama'ila 7:12.

To, iyaye, me zai hana mu? Littafin rubutu mai ganye 20 ya isa. Ku ja layi a tsakiyar shafi, roƙo a hagu, amsa a dama. Yaron da bai iya rubutu ba tukuna, ya zana hoton kakarsa marar lafiya ko gonar da ke jiran ruwa. Ku ajiye ƙwarya a ɗaki, duk amsar da aka gani a jefa tsakuwa ɗaya, ƙarshen shekara a zube a ƙirga tare. Ku bar shi ya yi addu'a da yaren da ya sha a nono, gama Allah yana jin kowane harshe.

Amma a kula. Kada littafin ya zama jarrabawa, kada kuma a karanta asirin yaro a gaban baƙi. In shafin dama ya daɗe babu rubutu, ko marar lafiyar da aka yi wa addu'a ta rasu, kada ku ɓoye littafin. Ku zauna da yaron, ku nuna masa cewa Bulus ma ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka ba shi alheri a maimakonta. Da sanyin safiya ake kama fara. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.