Tsohon Garin Agadas da Garaken Abzin: Tarihin Zama a Unguwar Fatake

Duk wanda ya tashi a ƙasar Dakoro, ko a Tagris ko a Kornaka ko a Barmo, ya san cewa idan damina ta zauna makiyaya arewa suke dosa da bisashensu, zuwa ƙasar gishiri ta Ingal, idan kuma kaka ta yi sai raƙuman Abzinawa su gangaro kudu neman hatsi. Wannan kai da kawowa ta girmi iyakokin jihohi da na ƙasashe, kuma ita ce ta raini birnin Agadas, wanda tsohon garinsa ya shiga jerin kayan gadon duniya na hukumar UNESCO a shekarar 2013. An sha rubutu a kan hasumiyar masallacinsa da fadar sarkinsa. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne rayuwar mutanen da ke kwana suna tashi a cikin lungunan nan tun ƙarni na 15, tsakanin kasuwa da wuraren cin abinci da masaukan baƙi, a garin da bai taɓa noma abin da zai ishe shi ci ba.

Asalin unguwanni

An kafa sarautar Abzin a farkon ƙarni na 15, lokacin da ƙabilun Abzinawa suka nemi sarkin da zai riƙa raba musu gardama ya kuma tsare hanyoyin fatauci. Wajen tsakiyar ƙarnin sarautar ta zauna a Agadas. Tarihin baka na Gobirawa ya nuna cewa kakanninsu sun zauni ƙasar Abzin kafin su gangaro kudu, saboda haka dangantakar wannan wuri da ƙasar Hausa daɗaɗɗiya ce.

Ƙabilun da suka zauna kewaye da sarki kowace ta gina gidajenta a inda ta kafa zangonta, shi ya sa har yau titunan tsohon gari ba su miƙe ba, suna bin iyakokin zangunan farko. Unguwanni 11 ne a cikin fili mai kusan hekta 78. Sunayensu kaɗai sun isa su nuna irin mutanen da suka haɗu a nan: Katanga, inda fada take, da Unguwar Bayi, sunayen Hausa ne, Amdit da Amarewat na harshen Tamashek ne, Hugubere kuma, inda tsohuwar kasuwa take, daga harshen Songhai ya fito. Askiya Muhammadu na Songhai ya ci garin a farkon ƙarni na 16, kuma a wannan zamani ne, wajen 1515, aka gina babban masallaci, wanda ake jingina aikinsa ga wani bawan Allah mai suna Zakariyya. An sake gina hasumiyarsa a 1844. Tsawonta mita 27 ne, kuma babu hasumiyar ƙasa zalla da ta kai ta tsawo a duniya.

Matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambata a ƙarni na 16 cewa yawancin mazauna garin fatake ne baƙi. Ke nan tun farko zaman Agadas zama ne da baƙo. Gidan mai gari yakan zama masauki da rumbun ajiya da wurin ciniki gaba ɗaya: baƙo ya sauka a zaure, a ajiye kayansa a ɗaki, mai gida ya nemo masa mai saye ya karɓi la'ada, matan gida kuma su dafa abin da zai ci.

Abin da Barth ya tarar

Bayan da sojojin Maroko suka rushe daular Songhai a 1591, fataucin zinariya ya ja baya, Agadas ta shiga raguwa. A watan Oktoba na 1850 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso garin ya yi kwanaki a wani gida da har yau ake nuna wa masu ziyara. Ya ƙiyasta mazauna da kamar mutum dubu 7, ya kuma ga kangaye da yawa a unguwannin da mutane suka ƙaurace wa.

Abu biyu daga cikin bayaninsa sun cancanci kulawar mutumin kudu. Na farko, ya tarar gero shi ne ma'aunin ciniki a kasuwar Agadas, da shi ake sayen ƙananan kaya kamar yadda ake yi da wuri a Kano. Na biyu, ya ba da labarin wani babban bafade mai sarautar Sarkin Turawa, wato mai kula da fatake Larabawa, domin a wancan zamani su ake kira Turawa. Cikin aikinsa har da raka ayarin gishiri na Kel Geres kowace shekara daga Agadas zuwa Sakkwato. Ayarin yakan ɗauko kantu da dabino daga Bilma da Fashi, ya kai su kasuwannin Hausa, ya komo da gero da tufafi. Saboda haka geron Damargu da na Gobir da na Adar shi ne ya riƙe tsohon garin Agadas a shekarun da zinariya ta daina zuwa.

Garake a bayan gari

Ɗaya ƙafar da garin ke tsaye a kanta ita ce garake. Kwarin Telwa, wanda ke gangarowa daga duwatsun Abzin, yana wucewa ta gefen gari, kuma a bakinsa ne garaken Alarsas suke. Can cikin duwatsu akwai Tabelot da Iferwan da tudun Bagzan, sai kuma Timiya, mai nisan fiye da kilomita 200 daga Agadas. Ruwan sama kaɗan ne a waɗannan wurare, amma na ƙasa bai yi nisa ba a bakin ƙoramu. Da raƙumi ko sa ake jan guga daga rijiya, ruwa ya kwarara cikin fangali, dabarar da Abzinawa ke kira takarkart, wadda injin ban ruwa ya maye gurbinta a garake da yawa. Ana noma alkama da masara da dabino, da tumatir da ake shanyawa ya zama kauɗa, da albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa. Timiya ta yi suna da lemo da rumman da inabi. Inabin nan ci ake yi, ba a matse shi, domin ƙasar Musulmi ce.

Wanda ke son ganin tarihin garin a ƙwarya ɗaya sai ya dubi furar Abzinawa, wadda ake damawa da gero da cuku da dabino. Geron daga kudu ya zo, cukun daga hannun makiyaya, dabinon daga kwaruruwan Abzin ko Kawar. Babu ko ɗaya da aka samar a cikin katangar gari, amma a cikinta ne suka haɗu. Haka alkamar garake ta sa burodi da gurasa da taliya suka zauna a girkin Agadasawa. Ɗaya daga cikin gidajen da suka fi ado a tsohon gari ma na mai gasa burodi ne, gidan Sidi Ka, wanda aka ƙawata bangayensa na ciki da zane-zanen ƙasa.

Shekarar Kawsan

Faransawa sun fara ratsa garin a 1899, suka kafa bariki a farkon ƙarni na 20. A watan Disamba na 1916 Kawsan ya yi wa barikin ƙawanya tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, har zuwa watan Maris na 1917 da dakaru suka iso daga Damagaram suka karya ta. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe mutanen gari da dama, har da malamai, an ƙwace raƙuma, aka kora jama'a da yawa zuwa kudu. An kashe Kawsan a ƙasar Libiya a 1919, Tagama kuma ya rasu a kurkukun Damagaram a 1920. Gidan da aka gina wa Kawsan daura da babban masallaci daga baya ya koma masaukin baƙi mai suna Hôtel de l'Aïr.

Zamanin masu yawon buɗe ido

An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, daga baya aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit. Motoci suka rage wa raƙumi aiki, sababbin unguwanni suka kewaye tsohon gari, kasuwanci mai nauyi ya koma babbar kasuwa. A shekarun 1980 wani sabon baƙo ya bayyana, wato Bature ɗan yawon buɗe ido. Tseren motocin Paris-Dakar ya riƙa ratsa garin, mai shirya fim ɗin nan na Italiya Bernardo Bertolucci ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa na 1990 a gidan Sidi Ka, jiragen sama suka riƙa zuwa daga Faransa a lokacin sanyi. Maƙeran azurfa masu ƙera kuros ɗin Agadas da dukawa masu jakunkuna da sirdin raƙumi suka buɗe shaguna kewaye da masallaci, wasu tsofaffin gidaje suka koma wuraren cin abinci, kasuwar dare ta cika da masu tsire da masu shayi.

Mazauna sun ci riba, sun kuma ga takura. Wanda gidansa ke kan hanyar baƙi ya samu haya da ciniki, amma ya saba da mai kyamara a ƙofar zaurensa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya tsayar da zuwan Turawa, suka komo bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995, tawayen 2007 zuwa 2009 ya sake korarsu, sace ma'aikata a Arlit a watan Satumba na 2010 ya ƙarasa rufe hanyar. Ko da UNESCO ta karrama garin a 2013, shagunan maƙera da yawa ba su da mai saye. Wasu baƙin suka maye gurbi: matafiya masu nufin Libiya, waɗanda dokar 2015 ta hana jigilarsu har aka soke ta a watan Nuwamba na 2023, da masu neman zinariyar Jado tun daga 2014.

Darasi daga ƙasar inabi

Akwai garin da ya dace a kwatanta da shi. Saint-Émilion, kusa da Bordo a Faransa, tsohon gari ne a tsakiyar gonakin inabin da ake yin giya da shi, kuma ya shiga jerin UNESCO a 1999. Gine-ginensa suna nan daram, titunansa cike da shaguna da wuraren cin abinci, amma masu kwana a cikin tsohuwar ganuwarsa ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, domin tsadar gidaje da cunkoson baƙi sun tura iyalai waje. Ginin dutse yana jure wannan, ko ba kowa a ciki zai tsaya.

Ginin ƙasa ba ya jurewa. Soro yana buƙatar yaɓe kafin damina, da mai duba indararo idan hadari ya taso, da mai lura da azara kada gara ta ci ta. Karin maganar nan da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, a Agadas zahiri ce: kangayen da Barth ya gani gidaje ne da masu su suka tafi. Ita kanta hasumiya, itatuwan da suka tsiro daga jikinta matakai ne na magina masu sabunta yaɓenta.

Abin da ke gaba

Haɗarin yau iri biyu ne. Na farko ruwa: a farkon Satumba na 2009 kwarin Telwa ya ɓalle ya rushe dubban gidaje a Agadas, kuma a Satumba na 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya faɗi bayan ruwa mai yawa. Na biyu yana cikin gida: gado yakan raba gida ɗaya tsakanin magada da yawa, mai hali ya koma sabuwar unguwa, wanda ya rage ba shi da kuɗin magini. Wani kuma yakan shafe bangon ƙasa da siminti don ya huta da yaɓe, alhali siminti yana riƙe damshi a ciki har tubali ya ruɓe ba a gani ba. Dokar kare kayan gado tana hana sauya fasalin gida, amma ba ita ke sayen ƙasa da azara ba.

Har yanzu dubban mutane suna zaune a unguwannin nan, suna magana da Hausa a kasuwa da gida, kuma kowane watan Muharram samarin gabas da na yamma suna fitowa bikin Bianu da ganguna da rawuna, su je Alarsas su komo gari riƙe da ganyen dabino. Wannan zama shi ne abin da ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su sa a gaba idan ana zancen gado, a Agadas ko a Birnin Damagaram ko a kowane gari mai tsohon gini: a taimaki mai gida ya yi yaɓe, a koya wa yara aikin magina, a kuma nuna wa ɗalibin Tagris cewa geron irin na gonar mahaifinsa ya taɓa zama kuɗi a kasuwar Agadas.