Harshen Sikeli: Tarihin Kalmar "Examine"

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a aji, a Kumasi ne ko a Garwa, ya san yadda gaba ke faɗuwa idan malam ya ambaci "exam" ko "examen". Sai dai kaɗan ne suka san cewa a bakin ma'auni aka haifi wannan kalma.

A harshen Latin na Rumawa, "examen" sunan ɗan siririn ƙarfen nan ne da ke tsakiyar sikeli mai faifai biyu. In ya tsaya cak, awo ya yi daidai; in ya karkata, an san ɓangaren da ya rinjaya. Daga nan aka samu "examinare", wato auna abu da lura. Kalmar tana kuma nufin rundunar ƙudan zuma da ta tashi daga amya, kuma daga wannan ma'ana ce Faransanci ya gaji "essaim".

Bayan William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, ya zuba wa Ingilishi dubban kalmomi. Ta wannan hanya "examine" ta shiga, kuma a ƙarni na 14 ana amfani da ita wajen yi wa mutum tambayoyin ƙwaƙwaf don gano gaskiya. Har yau da ita lauya ke titsiye mai shaida, da ita likita ke duba majiyyaci.

Auna ilimi da alƙalami kuwa Sinawa ne suka yi fice a kai. Tun zamanin daular Sui suke zaɓen ma'aikatan sarki ta hanyar jarrabawa, ba su daina ba sai 1905. A 1854 rahoton Northcote da Trevelyan ya shawarci Birtaniya ta riƙa ɗaukar ma'aikatanta ta gasar jarrabawa maimakon alfarma. Makarantun mulkin mallaka suka kawo mana al'adar, har aka kafa hukumar WAEC a 1952, mai hedikwata a Accra.

Mu Hausawa daga Larabci muka ɗauko tamu: "jarraba", wato gwadawa. Balarabe ya dubi gwaji, Barume ya dubi awo, manufar dai ɗaya ce, a san nauyin abin da mutum ya ɗauka.

A nan darasin yake, ya mai karatu. Muna zaune cikin wasu al'ummomi, kuma sau da yawa takardar jarrabawa ce ke yi wa 'ya'yanmu shaida inda ba a san iyayensu ba. Uban da ya saya wa ɗansa amsa ya danne harshen sikeli da yatsa. Awon zai nuna nauyi, amma buhun babu hatsi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.