Masu Bin Sawun Ungulu: Tarihin Doguwar Tafiya da Fiffiken Rataya

Ranar 3 ga watan Yuli na shekarar 2012, da hantsi, wasu mutane biyu suka tashi sama daga wani ƙaramin gari da ake kira Zapata, a kudancin jihar Texas ta Amurka, kusa da iyakar Meziko. Ɗaya Ba'amurke ne, Dustin Martin, ɗayan kuwa mutumin Ostareliya, Jonny Durand. Ba su da inji, ba su da ko ɗigon mai. Kowannensu yana rataye ne rub da ciki a ƙarƙashin wani fiffike na yadi da aka ɗame a jikin sanduna marasa nauyi, in ya karkata jikinsa dama fiffiken ya bi dama, in ya karkata hagu ya bi hagu. Wannan shi ne fiffiken rataya. Wani ƙaramin jirgi ya ja su da igiya, ya kai su sama, ya sake su. Ba su sāke taka ƙasa ba sai bayan wajen sa'o'i 11, rana tana faɗuwa, kusa da birnin Lubbock. Martin ya yi tafiyar kilomita 764, Durand ya yi 759.

Abin tambaya shi ne, yaya abin da ba shi da inji zai yi irin wannan nisa, alhali kuwa tun daga sa'ad da aka sake shi gangarowa yake yi? Kyautata fiffike ya taimaka ƙwarai, amma babban abin da aka koya cikin shekaru fiye da 100 shi ne karanta iska, da yanke shawarar inda za a nufa.

Wanda ya aza harsashin wannan al'amari wani injiniya ne Bajamushe, Otto Lilienthal. Ya daɗe yana nazarin tashin tsuntsaye, musamman farar shamuwa ta Turai. Daga 1891 zuwa 1896 ya yi tashi wajen 2,000, yana sheƙowa a guje daga kan tudu, har ma ya gina wa kansa tudu mai tsawon mita 15 kusa da Berlin. Mafi nisan tashinsa bai wuce kimanin mita 250 ba. Ranar 9 ga Agusta, 1896, fiffikensa ya ƙwace masa, ya faɗo, kashegari ya rasu. Lilienthal ba shi da hanyar da zai zaɓa, domin daga bisa tudu sai gindin tudu.

Ilmin zaɓen hanya ya samo asali ne daga wata dangin wannan sana'a, watau jiragen sama marasa inji waɗanda matuƙi yake zama a ciki. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, yarjejeniyar Versailles ta ɗaure wa Jamus hannu game da jiragen sama masu inji, saboda haka tun daga 1920 samarinta suka riƙa taruwa a kan dutsen Wasserkuppe suna gasar tashi ba inji. Da fari sun dogara ne ga iskar da take bugun dutse ta yi sama, don haka ba mai iya yin nesa da dutsen. A 1926 hadari ya zuƙe wani matuƙi, Max Kegel, ya yi sama da shi, ya yar da shi da ransa a nisan kilomita 55. Daga nan masana suka tabbatar akwai iska mai tashi ko a inda babu dutse.

Ga yadda abin yake. In rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kwance a kanta takan ɗau zafi, ta yi sauƙi, ta tashi kamar ginshiƙi. Ana iya kiranta hucin ƙasa. In ta kai inda ta yi sanyi, laimar da ke cikinta ta zama farin gajimare mai shimfiɗaɗɗen gindi. Wanda duk ya taɓa ganin ungulu tana kewaya da tsakar rana, tana ƙara sama ba ta kaɗa fiffike ba, ya ga hucin ƙasa yana aiki. Farar shamuwa ma da shi take ƙaura daga Turai zuwa ƙasashenmu na Afirka, shi ya sa ba ta ratsa tsakiyar Bahar Rum, sai ta zaga ta mashigin Jibralta ko ta Turkiyya, domin bisa teku ba ta samun irin wannan hucin.

A 1928 Robert Kronfeld, mutumin Ostiriya, ya fara tashi da wata na'ura mai nuna wa matuƙi ko sama yake yi ko ƙasa, da saurin da yake yi. Da ita ya iya gane hucin, ya kewaya a cikinsa kamar ungulu. A 1929 ya zama na farko da ya wuce kilomita 100 a jirgi maras inji. Daga bisani wani Ba'amurke, Paul MacCready, wanda ya ci gasar duniya a 1956, ya fito da ƙa'idar gudu tsakanin huci da huci. In kana sa ran hucin da ke gaba mai ƙarfi ne, to, yi sauri, ko da za ka yi hasarar tsawo. In kana zaton rarrauna ne, tafi sannu ka yi tattalin abin da ke hannunka. In kuwa ka faɗa iska mai nutsewa, ƙara gudu ka fice daga cikinta.

Shi fiffiken rataya kuwa, sai da ya yi dogon barci kafin ya farfaɗo. A 1948 wani injiniya a Amurka, Francis Rogallo, da matarsa Gertrude, suka ƙago fiffike mai laushi na yadi. A 1963 John Dickenson na Ostareliya ya haɗa irin wannan fiffike da sandar tuƙi mai kusurwa uku, wadda har yanzu ake amfani da siffarta. Cikin shekarun 1970 abin ya bazu a Amurka da Turai, aka kuma yi hasarar rayuka da yawa, domin waɗansu a gida suke harhaɗa nasu, ba malami, ba ƙa'ida. Fiffiken wancan zamani, in ya gangaro mita 1, mita 4 kawai yake ci gaba. Na yanzu yana cin wajen mita 15. Watau mutumin da yake mita 1,500 bisa ƙasa a da kilomita 6 ke gare shi ya nemi wani hucin, yanzu kuwa yana da fiye da 20.

Makarantar da aka koyi doguwar tafiya ita ce Kwarin Owens a jihar Kalifoniya, tsakanin jerin duwatsu biyu masu ƙololuwa fiye da mita 4,000. A nan Jerry Katz ya wuce mil 100, watau kilomita 160 da 'yan kai, a 1977. Hanyar da aka saba bi ita ce a tashi da safe a jikin duwatsun Sierra Nevada, gefen da rana ta fara haskawa, a yi arewa. To, amma da rana ta take, iskar yamma takan ƙetaro duwatsun ta zubo da hargitsi mai iya kifar da fiffike. Dole matuƙi ya ƙetare kwarin zuwa duwatsun gabas kafin ta iso. In ya yi gaggawar ƙetarewa ba shi da isasshen tsawo, sai ya sauka a tsakiyar kwari tafiya ta ƙare. In ya yi jinkiri, ya sa ransa cikin haɗari.

Daga baya matuƙa suka gane cewa fili ya fi dutse nisa, muddin akwai iska mai tura su daga baya. A 1990 Larry Tudor ya tashi daga Hobbs a jihar New Mexico ya wuce mil 300, watau kilomita 488. A 2001 Manfred Ruhmer na Ostiriya ya yi kilomita 700 daga Zapata, inda iskar kudu take kaɗawa wuni guda, gajimare kuma yakan jeru layi layi kamar kunyar gona.

A fili, kowane huci yana ƙarewa da tambaya. Matuƙi yakan dubi gajimare, ya bambanta mai tasowa da mai watsewa. Yakan dubi ƙasa, domin busasshiyar gona da aka yi wa huɗa, da duwatsu, da rufin gidaje suna ba da huci, tafki da gonar ban ruwa kuwa ba sa bayarwa. Yakan lura da tsuntsaye masu kewaya da 'yar guguwa mai ɗaga ƙura. Wani lokaci hanya miƙaƙƙiya takan bi ta sararin da ba gajimare ko ɗaya, sai ya zaɓi zagaye. Dole ya kauce wa sararin filayen jiragen sama, ya guji gajimaren da ke riƙiɗa hadari, domin abin da ya bar Kegel da rai ya kashe waɗansu. Bugu da ƙari, a kowane lokaci sai ya san filin da zai sauka in huci ya ƙi samuwa. Kewayen Zapata daji ne na ƙaya da makiyayu masu kulle, wanda ya sauka a can tun da safe yana iya wuni cikin rana kafin a iso gare shi.

Martin da Durand sun yi yawancin wuninsu kusa da juna, wani lokaci a huci ɗaya suke kewaya, kowa yana kallon ɗan'uwansa don ya ga inda iska ta fi tashi. Da yamma ta yi, ƙasa ta fara hucewa, kowa ya san gangarowar ƙarshe ta matso. Martin ya sami wani ɗan huci maras ƙarfi wanda Durand bai samu ba, ya tsaya ya kewaya a cikinsa, ya ƙara ɗan tsawo. Bayan sa'o'i 11 da kilomita fiye da 700, wannan 'yar shawara ce ta raba su da kilomita 5.